Mai Fentin Bango da Sojojin Ɗansa

Akwai wani mutum mai fentin gidaje. Tun yana saurayi yake saɓa tsani, ga bokiti a hannu, ga ƙaton buroshi soke a ƙugu, har ya zama babu unguwar da za ka ratsa a garinsu ba ka ga bangon da ya shafa ba. Aikinsa ba ya ɓamɓarewa, gama ba ya ha'inci. Sai ya kankare tsohon fenti, ya cike tsaga, ya yi shafen farko wanda ido ba zai sake gani ba, sa'an nan ya ɗora launi. Amma fa mutum ne mai nauyin hannu, a bango da a gida. Magana ma lafta ta yake yi kamar fenti, sau ɗaya, da kauri, ya juya ya tafi.

Yana da ɗa guda, sunansa Kefas. Sa'ad da Kefas yake yaro, ba abin da yake so kamar ya ɗebo yumɓu a bakin rafi ya gina ƙananan sojoji, ya shanya su a rana. Wata safiya ya jera su a bakin ƙofa domin ubansa ya gani. Uban ya fito da tsani a kafaɗa yana sauri, ya sa ƙafa ya share su gefe, ko sunkuyawa bai yi ba. Ya ce, “Wasan laka ne zai ciyar da kai?” Yaron bai yi kuka ba. Daga ranar dai bai ƙara nuna wa ubansa kome ba.

Kefas ya girma, ya tafi birni, ya sami aiki. In ya bugo waya, uwarsa Afiniki yake kira. Su yi ta hira suna dariya, a ƙarshe ya ce, “A gaida Baba.” Kirsimeti ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, kullum aiki ne ya yi yawa. Mutumin bai taɓa cewa yana kewar ɗansa ba. Sai dai duk sa'ad da wayar Afiniki ta yi ƙara, sai ya sami dalilin jawo kujerarsa kusa.

Ana nan sai gwiwoyinsa suka ƙi tsani. Ya dawo zaman gida, yana yi wa kaji faɗa.

Wata rana Afiniki ta dawo daga tasha da ɗan kwali, ta dire masa a cinya. Ya buɗe, sai ga ƙananan sojoji na ƙarfe, kowanne bai kai babban yatsa ba, ga 'yan kwalaben fenti, ga buroshi siriri kamar tsinken kwalli.

Ta ce, “Kefas ne ya aiko. Shi da abokansa suna da wani wasa. Sai su jera rundunoni a kan tebur, su auna tafiyarsu da tef irin na tela, su jefa ɗan lido a ga wa ya ci yaƙi. Ba caca ba ce, na tambaya. Ya ce nasa ba fenti, ka yi musu, ka tura masa hoto.”

Gaskiyar magana, ita ta sa yaron ya aiko, kuma ta sha fama kafin ya yarda. A lissafinta, wanda ya aiko da kaya ai zai zo ɗaukar kayansa.

Mutumin ya yi tsaki, amma ransa ya yi fari. A ransa ya ce yau yaron nan zai san wane ne ubansa. Ya ture 'yan kwalaben gefe, ya ce wannan ai kayan kwalliyar mata ne. Ya shiga ɗakin ajiya ya fito da ragowar koren fentin ƙofa. Wanki? Shafen farko? A kan abin da bai kai yatsa ba? Ya lafta wa sojojin fenti ɗaya bayan ɗaya, kafin Afiniki ta sauke tukunya ya gama.

Ta zo ta tsaya a kansu, ta riƙe ƙugu. Ta ce, “Baban Kefas, ina sojojin?”

“Ga su a gabanki.”

“Ni dai kuɓewa nake gani a jere.”

Bai kula ta ba. Da suka sha iska, ya jera su a kan siminti cikin tsakar rana, ya tsaya a kansu da wayarta, wutar hoto ta walƙa, ya tura. Ba a jima ba amsa ta zo da muryar Kefas: “Sannu da aiki, Baba. Na gode.”

Shi ke nan. Mutumin ya sake saurara. Ya san wannan godiya, ya sha jin ana yi wa wasu masu fenti irinta. Godiyar mai gida ce wanda ba zai ƙara kiranka aiki ba. Ya ɗauki soja ɗaya yana juya shi, sai fentin ya saluɓe a yatsansa kamar ɓawon dafaffen tumatir. Shi da bangonsa bai taɓa ɓamɓarewa ba! Abinci ya huce a gabansa. Ya gane cewa in aka bar maganar a nan, Kirsimetin bana ma haka za ta wuce.

Afiniki ta miƙa masa wayar. Ta ce, “Kira shi.”

“In ce masa me?”

“Ka ce ba ka iya ba. Bakinka ba zai yage ba.”

Ya daɗe yana kallon wayar. Can ya ajiye tata, ya ciro tasa daga aljihu, ya kira.

Kefas ya ɗauka a firgice. “Baba? Lafiya? Wani abu ya sami Mama?”

Tambayar ta soke shi, gama ta nuna masa rabon da ya kira ɗansa. Ya gyara murya ya ce, “Tana nan, tana zagin aikina. Kefas, na ɓata maka sojoji. Fentin bango na sani, wannan ban san shi ba. Koya mini.”

Sa'an nan Kefas ya fara magana, a hankali da fari, kamar mai taka gadar da bai amince da ita ba.

Ya ce a jiƙa su a kananzir fentin ya saki, a goge da tsohon buroshin haƙori, a wanke da sabulu, domin akwai maiƙon da suke fitowa da shi daga inda aka zuba su, shi ne yake hana fenti kamawa. In sun bushe a yi musu shafen farko da fentin nan mai ruwan toka da ke cikin kwalin, siriri ƙwarai.

Uban ya ce, “Ashe su ma suna son shafen farko.”

Kefas ya ce, “Kamar bangonka, Baba.” Har ya yi 'yar dariya. Ya ci gaba, yanzu bakinsa ya buɗe. A manna sojan a kan murfin kwalba, domin kada yatsa ya riƙa taɓa shi. A sirka fentin da ɗigon ruwa har ya yi kamar madara. Bakin buroshi kaɗai za a tsoma. “Shafen launi na farko zai yi muni, za ka ga kamar ba ka yi kome ba. Kada ka ƙara, Baba. Ka bar shi ya bushe, ka sake bi. In ka lafta, sai ka binne fuskar.”

“Wace fuska?”

“Suna da fuska, Baba.”

Mutumin bai gaskata ba, amma ya yi yadda aka ce. Aikin ya ba shi wuya ainun. Hannun da ya saba share bango da zuwa ɗaya, ga shi yana fama da hular da ba ta kai ƙwayar wake ba. Jiran bushewa ya fi kome ci masa rai. Sau da dama hannunsa ya kai ga buroshi, Afiniki daga bakin murhu ta ce, “Malaminka ya ce a jira.” Kusan kullum sai ya kira Kefas da tambaya. Wani lokaci tambayar ta gaske ce. Wani lokaci ya san amsar sarai.

Da ya gama na farko, Kefas ya koya masa ɗaukar hoto. Ya ce ban da tsakar rana, ban da wutar hoto, su ne suke sa abu ya yi ta ƙyalli ba a ganin kome. A samu inuwa a bakin ƙofa da safe, a jingina farar takarda a baya, a dafa wayar a kan wani abu kada ta yi rawa. “Kuma kada ka tsaya a kansa, Baba, hula kawai za ka ɗauka. Ka sauko daidai idonsa.”

Gidan ba tebur sai wata 'yar kujerar tsuguno. Ya ɗora sojan a kai. Ya duba kujerar, ya duba gwiwoyinsa. Afiniki ta kawo matashi ta jefa a ƙasa. Ya dafa bango, ya sauka da nishi, gwiwa ɗaya, sa'an nan ɗayar, har haɓarsa ta kusa taɓa ƙasa. Ya kai wayar kusa.

Sai ga fuska ta cika gilashin wayar. Ga gira, ga gashin baki, ga wani ɗan tabo a kunci, baki a ɗan buɗe kamar mai kiran 'yan'uwansa. Duk wannan yana nan tun ranar da aka buɗe kwalin. Shi ne ya rufe shi da koren fentin ƙofa.

Ya ɗauki hoton ya tura, amma bai tashi ba. Yana nan durƙushe a bakin ƙofar nan, daidai inda wani yaro ya taɓa jera sojojin yumɓu, sai waya ta yi ƙara.

“Baba! Kai ka yi wannan? Ka ga tabon ma ya fito!”

Mutumin ya ce, “Kefas, waɗancan naka na laka. Su ma suna da fuska?”

Kefas ya ce, “Suna da ita. Da tsinke nake yi musu. Kowanne da sunansa.” Ya ƙara da cewa, “Babbansu, sunanka na sa masa.”

Afiniki ce ta karɓi wayar daga hannun maigidanta. Ita kuma ta kama shi ya miƙe, tana mitar cewa ya yi nauyi kamar buhun masara.

Kirsimeti ta bana, Kefas ya zo. Ya zo da tef, da ɗan lido, da tebur sabo a saman mota. Suka jera runduna biyu a tsakar gida, ya cinye ubansa da yaƙi ba tausayi. Tsohon ya ce ɗan lidon ne yake da son kai, a sake.

Ma'anar wannan misali ita ce: ƙananan sojojin nan su ne mutanen da Allah ya sa a hannunmu, 'ya'yanmu, da jikokinmu, da yaran da ake turo mana ran Lahadi. Kowannensu ya zo da fuskarsa. Ba mu muka zana ta ba, Mahalicci ya riga ya zana. Namu shi ne mu fito da ita a fili.

Ku iyaye maza, da ku nake, kada wani ya waiga yana neman maƙwabcinsa. Mutumin nan ba mugu ba ne. Bai sha giya ba, bai bar gidansa da yunwa ba. Ya san shafen farko sarai, yana yi wa bangon baƙi, amma ya raina a yi wa ɗan ƙaramin abin da ke gidansa. Shafen farko shi ne zaman da kake yi da yaro ba ka zo da faɗa ba, da sauraron shirmensa, da sanin sunan abokinsa. Ba wanda zai gani ya yaba maka. Amma in babu shi, duk gargaɗin da ka ɗora zai saluɓe ranar da duniya ta sa masa yatsa.

Mu mata ma kada mu yi murmushi da yawa. Akwai uwar da in ta fara faɗa da safe, sai ta haɗa da laifin bara da na bariya, ta lafta duka a zama ɗaya. Yaro ya fito kore shar, ba ido ba baki, ta ce ta yi tarbiyya. Faɗi kaɗan, ki bari ya bushe. Yau za ki ga kamar bai ji ba. Ya ji. Gobe kya sake bi.

Sauran kuma maganar gwiwa ce. Wanda ya tsaya a kan mutum, ƙeyarsa da hularsa kawai zai gani. Ubangijinmu bai tsaya can sama yana leƙenmu ba. Ya sauko har inda muke, ya dube mu ido da ido, ya kira mu da sunayenmu. In shi ya sauko, wane ne kai da za ka ce gwiwarka tana ciwo?

Mutumin nan ya yi sa'a, ɗansa ya ɗauki waya. Ba kowa yake samun haka ba, kuma ba kullum ake samun Afiniki a gida ba. Saboda haka in an tashi daga sujada yau, wani yaro ya jawo rigarka ya ce ka zo ka ga abin da ya yi, ajiye tsanin. Durƙusa ka duba. Ka tambaye shi sunan babbansu.