Sha Ya Ce, Bai Ce Shafa Ba

Akwai wata tela da kowa a layinsu yake kira Yaya, har waɗanda suka girme ta. Shagonta ɗan ƙarami ne, keken ɗinki biyu, teburin yanka, da madubi mai tsaga a gefe. Ƙanwa ɗaya gare ta, wadda tun tana yarinya aka laƙaba mata Kwalisa saboda son gayu, sunan kuma ya bi ta har girma. Kwalisa tana da shagon kayan kwalliya a bakin titi, kuma a ganinta duk duniya babu wanda ya kai ta sanin fatar mutum.

Shekara tara da suka wuce, Kwalisa ta je aka yi mata aikin ƙara girman mama, irin wanda ake sa jakar ruwan gishiri a ciki. Yaya ce kaɗai ta sani a gidansu. Ta yi faɗan, ta yi nasihar, ta gaji ta zuba mata ido.

To, wata safiya sai ga Kwalisa a shagon Yaya, ta naɗe da gyale har wuya. Ta ja labule ta nuna mata. Ɓangaren hagu ya sace kamar tayar keke. Yaya ta so ta ce dama na faɗa miki, amma da ta ga idon ƙanwarta ya kawo ruwa sai ta haɗiye maganar, ta ɗauki jakarta suka nufi asibiti.

Likita ya kwantar musu da hankali. Ya ce jakar ce ta huje, ruwan kuwa na gishiri ne, jiki ya riga ya shanye shi, amma jakar sai an ciro ta. Kwalisa ta ce a cire duka biyun ta huta. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai, shi ne tabo. Tabon aikin farko siriri ne kamar zare, a ɓoye a ƙarƙashin mama, ita kanta sai da madubi take ganinsa. Sau uku tana tambayar likita ko wannan zai wuce wancan. Ya ce ta wurin zai sake bi, idan ta kiyaye abin da aka gaya mata, da wuya a gane an sake taɓawa.

Ya zayyana mata shirin da za ta yi cikin mako huɗu. Ban da sigari, ban da shisha. Kada ta sha maganin ciwon kai ko na gargajiya sai ta tambaye shi, don wasu suna tsinka jini. Ta nemi riguna masu maɓalli a gaba, saboda bayan aiki ba za ta riƙa ɗaga hannu sama ba. Kuma kada ta sa komai a kan ɗinkin sai ya warke, shi da kansa zai ba ta abin da za ta riƙa liƙawa don tabon ya kwanta.

Sannan ya jawo fom ya tambaye ta, "Akwai wani magani da kike sha a kai a kai?"

"Babu, likita," in ji Kwalisa, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Yaya ta juyo ta kalle ta. Domin ta san akwai wani haɗin man bilicin da Kwalisa take kwaɓawa da hannunta a bayan shago, tana shafawa daga goshi har tafin ƙafa, safe da yamma, yau shekara bakwai ke nan. Jijiyoyin hannunta har sun fito kore-kore.

Suna fita Yaya ta tare ta a bakin ƙofa ta tambaye ta me ya hana ta faɗin man nan.

"Sha ya ce, Yaya. Bai ce shafa ba. Kin taɓa ganin na zuba shi a kofi?"

Jama'a, ku ji fa wani iya shege. Haushi ya turnuƙe Yaya. Ta daure ta yi mata bayani da abin da ta sani. Ta ce ita shekara ashirin tana kan keke, kuma yadin da ya sha bilic wajen wanki ba ya riƙe zare. Ka ɗinke shi tsaf, ana ja kaɗan sai ya yage daga gefen ɗinkin. Kwalisa ta tuntsire da dariya ta ce ita mutum ce ba atamfa ba, Yaya ta tsaya a kan almakashinta ta bar wa masu fata fatarsu. Ta ƙara da cewa idan likita ya ji zai ɗaga aikin, ita kuma ba za ta ƙara ko kwana ɗaya tana cusa tsumma a rigar mama ba.

Yaya ta ce to ita za ta koma ta faɗa masa. Nan fa Kwalisa ta sauya salo, ta riƙe hannunta tana magiya, wai ta rufa mata asiri, wai a duniya ba ta da wanda ya fi ta. Yaya kuwa tausayin ƙanwar nan ne rauninta tun suna yara. Ta yi tsaki, ta yi shiru. Shirun nan har yau yana ci mata rai.

Sauran ƙa'idojin kuwa Kwalisa ta bi su sau da ƙafa, har da wuce gona da iri. Ta daina shisha. Ta sa Yaya ta ɗinka mata riguna uku masu maɓalli, ta mayar da ɗaya sau biyu wai hannun bai zauna ba. Marar lafiya da zaɓen hannun riga. Yaya ta warware ta sake ɗinkawa tana ƙunƙuni.

Aka yi aiki lafiya, aka sallame ta. Yaya ta rufe shago ta tare a gidanta, ita ce wanki, ita ce miƙo abu daga saman kanta, ita ce tunatar da lokacin magani.

Ranar kwana na shida da hantsi, Yaya ta dawo daga shanya ta tarar da ƙofar banɗaki a buɗe. Kwalisa tana tsaye gaban madubi, ta ɗaga bandeji, yatsanta dumu-dumu da man nan tana murza shi a kan ɗinkin. Wai ta ga wurin ya fara duhu, gara ta tare tabon tun bai zauna ba.

Yaya ta fizge kwalbar man. Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ta taɓa ji ba. Ta ce mata wallahi da ba ciwo gare ta ba da yau ta sha mari. Kwalisa ta murguɗa baki ta ce ai kwana uku ke nan tana yi, kuma ba ta ga abin da ya faru ba.

Abin da zai faru bai jima ba. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe ta, wurin ya kumbura yana ruwa, ɗinkin hagu ya buɗe. Zaren yana nan lafiya lau, fatar ce ta yage daga gefensa, daidai yadda Yaya ta faɗa. Ko daɗin cin gardamar ba ta ji ba, sai tsoro.

A asibiti likita ya duba ya tambaya me aka sa a wurin. Kwalisa ta sunkuyar da kai. Wannan karon Yaya ba ta nemi izinin kowa ba, ta ciro kwalbar daga jaka ta dire a kan teburinsa, ta faɗi shekara bakwai ɗin duka.

Likitan ya ɗauki kwalbar ya duba. Daga baya ya ce akwai sinadari a irin wannan haɗin da yake mayar da fata shara-shara, ya hana ciwo warkewa da wuri. Da ta faɗa masa, da ya ɗaga aikin ya janye ta daga man a hankali, sannan a yi. Ya tambayi Kwalisa dalilin da ya sa ta ce masa babu. Da ƙaramar murya ta ce ai sha ya ce.

"To yanzu ga shi fatar ta sha," in ji shi.

Mako bakwai ana wanke ciwon kafin ya rufe. Ya warke, alhamdulillahi, amma tabon da ya bari ya kai faɗin babban yatsa, ya yi tudu, ya yi baƙi. Garin gyaran gira an rasa ido. Na dama ma bai koma zaren da ba. Ranar da Kwalisa ta fara ganinsu sosai a madubi ta yi kuka, Yaya ta zauna kusa da ita ta ce laifin nasu ne su biyu, ɗaya ta yi ƙarya, ɗaya ta yi shiru.

Bayan wata huɗu suka koma a duba ko za a iya rage tabon. Wata nas ta jawo sabon fom ta tambayi Kwalisa ko akwai maganin da take sha. Kwalisa ta buɗe jakarta ta zazzage ta kaf a kan tebur, sabulu, turare, hoda, har man leɓe, ta ce a rubuta duka.

Darasi: Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan likita ya tambaye ka, faɗa masa abin da kake sha, da wanda kake shafawa, da wanda kake jin kunyar faɗa, don wayon da ka yi masa a jikinka zai fito. Kai kuma da ka san gaskiya, kada tausayi ya rufe maka baki. Ku tura wa 'yan uwa da ƙawaye, wataƙila akwai mai shirin shiga ɗakin tiyata da kwalba a ɓoye cikin jaka.