Matar da Ta Hana Mijinta Cinye Tuwon Sulhu

Marigayiya Mama Afiniki, ungozomar da ta karɓi haihuwar 'ya'yana, ita ce ta fara ba ni wannan misali, muna zaune muna ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakinta. Ni karatuna bai yi nisa ba, saboda haka yadda na ji haka zan rubuta muku, 'yan ajin Lahadi, manya da yara. Wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, amma ba zan janye ta ba.

Akwai wani mutum, manomi ne, Allah kuwa ya ba shi baiwar sasanta mutane. In iyakar gona ta rikice, ko akuya ta shiga dawar maƙwabci, shi ake kira. A garin nan akwai wata al'ada. In an gama sulhu, kowane gida cikin biyun zai kawo kwanon tuwo, mai sulhu ya cinye duka. In ya rage ko loma a kwano ɗaya, sai a ce zuciyarsa tana ɗaya gidan, rigima ta dawo sabuwa. Da haka gidaje suka shiga gasa. Matar wannan gida ta malala manja har tuwo ya nutse, ta wancan ta ɗora kitsen rago, daga baya aka ƙara da lemon kwalba.

Da fari a ƙafa yake zuwa, ya dawo ya shiga gonarsa, abincin ya bi gumi ya fita. Da sunansa ya yi nisa, sai aka riƙa aiko babur ya ɗauke shi, samari kuma suka karɓe masa noma don girmamawa. Daga tabarma sai babur, daga babur sai tabarma. Jiki ya buɗe, wuya ya cika, tumbi ya yi gaba. Mutane suka ce albarka ce ta bayyana. Mata suna tare matarsa a bakin rijiya suna yaba mata, wai ta iya riƙon miji.

Ita kuwa yabon nan ba ya yi mata daɗi, gama ita take ganin abin da babbar riga take rufewa. Ita take sunkuyawa ta sa masa takalmi. Ita take jin hakinsa kamar na wanda ya hau dutse, alhali daga ɗaki ya fito tsakar gida. Gwiwoyinsa sun ƙi durƙuso wajen addu'a. Ƙishirwa ba ta barinsa, fitsari ma haka.

Ana nan, wata rana ya cinye kwanoni biyu, ya yunƙura zai tashi, jiri ya kwashe shi. A asibiti likita ta auna shi, ta ce jininsa ya hau, ciwon sukari ya kama shi, nauyin jikinsa kuma ya fi ƙarfin zuciyarsa. Ta ba da magani, amma ta gaya wa matar ba ɓoye-ɓoye cewa ƙwaya kaɗai ba za ta riƙe shi ba. Sai ya rage tuwo da mai, ya rabu da zaƙi, ya riƙi ganye da wake, ya koma takawa da ƙafarsa. In ba haka ba, ta shirya zama gwauruwa.

Matar ta gyara tukunyarta tun daga ranar. Mijin ya ce duk abin da ta dafa a gida zai ci ba gardama, amma tuwon sulhu ba nasa ba ne balle ya ƙi, na gari ne. In ya ƙi, wa zai sake kiransa?

Ba a daɗe ba wani wa da ƙanensa suka yi faɗa a kan itacen ɗorawa da ke iyakar gonarsu. Aka aiko babur. Matar ta sallami mai babur, ta ɗaure zanenta, ta ce a ƙafa za su je, ita da shi. Suna tafe suna hutawa, yana ta gunaguni. Mata ba sa zama wurin sulhu, amma ta nemi gefe ta zauna.

Aka gama magana, aka kawo kwanoni biyu, mai yana ƙyalli. Mijin ya wanke hannu. Sai matar ta tashi a gaban dattawa, ta kife wannan kwano cikin wancan, ta cuɗa su har ba mai iya gane na wane gida ne. Ta gutsuro loma ɗaya daga tsakiya ta miƙa wa mijinta. Sauran ta tura gaban 'yan'uwan nan biyu.

Ta ce, "Ga shi zai ci na kowa. Ku da kuka ce kun shirya, ku sa hannu a kwano ɗaya mu gani."

Wani dattijo ya daka mata tsawa, ya ce ta taka al'adar kakanni, ya kuma tambaya wace irin mace ce za ta hana mijinta abinci a gaban jama'a.

Ta rusuna, amma ba ta sassauta murya ba. "Baba, kun mai da cikin mijina rumbun zuba rigimarku. Ranar da kuka binne shi za ku sami wani mai sulhu. Ni ba zan sami wani ba."

Mijin ya dubi dattijon, ya dubi matarsa. Ya ci lomar, ya wanke hannu, ya ture ruwan gefe. Can sai wan ya kai hannu cikin kwanon, da ƙyar. Ƙanen ya bi.

Kada ku ɗauka an tafa mata. An kira ta marowaciya, an ce ta mallake miji. Wasu gidaje sun daina kiransa. Da rigarsa ta fara yi masa yawa, matan rijiya suka koma tambayarta ko ciwo yake yi. Ta ce ai yanzu ne yake warkewa, ta ɗauki tulunta ta wuce. Bai koma saurayi ba, bai kuma rabu da magani ba, amma ranar auren autarsa shi ya raka ta da ƙafarsa har ƙofar majami'a.

Ma'anar wannan misali ita ce, mai sulhun nan shi ne duk wanda muke ƙauna: miji, fasto, jika. Kwanonin kuwa ƙaunarmu ce da ta cuɗu da fahariya. Ƙiba mai yawa ciwo ce, ku daina kiranta hutu. Amma kada in ji ɗayanku yana yi wa mai ƙiba dariya, domin ba shi kaɗai ya ɗora wa kansa ba, gari ne ya taya shi. Mu ne muke cika bikin coci da lemon kwalba. Mu ne muke toshe bakin yaro da biskit don ya yi shiru, muna hawa babur zuwa inda muryarmu ma za ta kai. Wasu gadon ƙibar suka yi, su ma a tausaya musu. Kada ku sayi shayin rage tumbi a tasha, kada kuma ku azabtar da kanku da yunwa. Ku je a auna ku, ku rage kwano, ku taka ƙasa. Jikin nan amanar Ubangiji ce, zai kuwa tambaye mu. Matar nan ita ce duk wanda ya yarda a zage shi domin wani ya rayu. Irinta coci yake nema, ni ma ina nema.

Washegarin ranar da Mama Afiniki ta ba ni wannan misali, ni ce da kai abinci gidan fastonmu na lokacin, mutumin kirki wanda saboda ƙiba sai ya huta kafin ya hau bagadi. Da sassafe na kai masa faten acca da zogale a ƙaramin kwano. Matarsa ta leƙa bayana tana neman sauran kwanoni. Na ce babu, sai fartanyar da na kawo wa fasto, domin gonar coci ta yi ciyawa. Na jingine ta a bango, na zauna a bakin ƙofa har faston ya sa takalmi.