Kujerar Baba da Gwani Ya Gyara

Akwai wani kafinta da kowa ke kira Gwani, kuma gaskiya sunan bai faɗi ƙasa ba. In ya haɗa kujera, sai ka zagaya ta ka sake zagayawa ba ka ga inda katako ya haɗu da ɗan'uwansa ba. Manyan gidaje da otal-otal ke layi a shagonsa.

A wurin mahaifinsa ya koyi sana'ar, a wata 'yar rumfa da ke jingine da bangon gidansu. Baba Kafinta ake ce wa tsohon. Ni da ke ba ku labarin nan na san rumfar. In ka biyo ta layin da safe, ƙamshin sabon katako ne zai fara tarbarka, sai ƙarar zarto, sai muryar rediyo da ba ta taɓa kama tasha sosai ba. Yanzu babu rumfar, an yi shagon cajin waya a wurin.

Da Baba ya rasu, kayan aikinsa suka watse a hannun masu aro. Abu ɗaya ya rage a ɗakin Inna, matarsa, wato kujerar da ya yi wa kansa tun suna amarci.

Kujerar ba ta da wani kyau. Ƙafarta ta baya an yi mata ƙari da katakon da bai yi kala da sauran ba. A hannunta na hagu akwai zoben ƙuna, inda Baba ke ajiye kofin shayinsa duk da faɗan da Inna ke yi masa. A bayanta akwai zanen mota mai ƙafa uku, wanda Gwani ya karce da ƙusa yana yaro, ya sha bulala a kai. A hannun dama kuwa akwai wani ɗan rami baƙi mai santsi, inda Baba ke murza babban yatsansa in yana sauraron labarai ko yana tunanin abin da ya dame shi.

Inna ba ta zama a kanta, ba ta kuma barin kowa ya zauna. Idanunta sun daɗe da daina gani, don haka kullum sai ta zauna a kan tabarma kusa da kujerar, ta ɗora hannu, ta sa yatsanta a cikin ramin nan. Haka za ta yini, wani lokaci har da 'yar hira ƙasa-ƙasa.

Babbar 'yarta, wadda Gwani ke kira Yaya, ita ke zaune da ita. Shi Gwani aiki ya yi masa yawa. Yakan aiko direba da kayan cefane, ya bugo waya ya ce a gaida Inna.

Wata rana aka gayyace shi gidan baje kolin ayyukan hannu da ke babban garin yankinsu. Shugabar gidan, wata mata mai fara'a da tabarau a wuya, ta yi masa bayani. Za a nuna aikin masu sana'ar hannu na yanzu: magina tukwane, masaƙa, maƙera, dukawa da kafintoci. Kowa kuma zai ajiye, kusa da aikinsa, abu ɗaya da ya fito daga hannun wanda ya koya masa.

"Ka kawo mana shi yadda yake," in ji ta. "Muna so mutane su ga inda hannu ya taso."

Gwani ya ce to. Amma wannan "yadda yake" ɗin ta kunnen dama ta shiga, ta hagu ta fita.

Ya je gida ya durƙusa ya gaida Inna, ya faɗi abin da ya kawo shi. Inna ta ɗago kai, yatsanta na cikin ramin.

"Mutane za su zo su kalli aikin babanku?"

"Daga ko'ina, Inna. Har da sunansa za a rubuta."

Ta yi murmushi. "Shi da ko hoto ba ya yarda a ɗauke shi. To, ɗauka. Amma ka dawo min da ita, ka ji? Ita kaɗai ta rage min da ke jin maganata ba ta gajiya."

Yaya ta bi shi har bakin mota. "Auta, aro ne fa, ba kyauta ba. Na san hannunka, ƙaiƙayi gare shi."

"Haba Yaya, ni za ki koya wa riƙon katako?"

Da ya sauke kujerar a shagonsa, ya ajiye ta kusa da nasa kujerun masu sheƙi, sai ya ji wani iri. Ya tuna irin mutanen da za su zo, masu turare da manyan motoci. Za su kalli wannan su ce uban Gwani ke nan? Shi a zuciyarsa ba raini ba ne. Gani yake zai fitar da mahaifinsa kunya, ya yi masa abin da rashin kayan aiki ya hana shi yi a zamaninsa.

Kafinta kuwa, in ya ga katako da tabo, hannunsa ba ya iya haƙuri. Ya ce bari ya ɗan share ƙura. Daga share ƙura sai samfefa, takardar goge katako, daga samfefa sai injin gogewa. Zoben kofin ya tafi. Motar mai ƙafa uku ta tafi. Ya cire ƙafar da aka yi wa ƙari ya sa sabuwa. Ramin yatsan ne ya fi ba shi wahala, don ya yi zurfi, sai da ya rage kaurin hannun kujerar gaba ɗaya kafin ya daidaita. Ya shafa mata mai har tana ɗaukar ido.

Abu ɗaya ne ya gagare shi. Da ya zauna don ya gwada, sai kujerar ta yi wata ƙara, ƙiiiƙ, daga can cikin mahaɗarta. Ya ɗura gam, ya ɗaure ta ta kwana, ya sake zama. Ƙiiiƙ. Ya yi tsaki ya ce, "Tsoho da taurin kai." Daga baya ya lallashi kansa da cewa ai a gidan baje koli ba a zama a kan kaya, ba mai ji.

Ranar buɗewa, zauren ya cika. Farin bango, fitilu a saman kowane abu, ga igiya an ja a gaban kaya da ɗan allo mai cewa kada a taɓa.

Gwani ya fara zagayawa yana duba abin da sauran suka kawo. Maginiyar tukwane ta ajiye tukunyar kakarta da baƙin hayaƙinta da tsagar bakinta. Masaƙi ya rataye bargon ubangidansa da ya koɗe, har da faci. Baduku ya kawo tsohuwar jakar da maɗaurinta ya tsinke aka ƙulla. A gaban waɗannan tsofaffin kayan ne mutane suka fi daɗewa. Na ga wani dattijo ya tsaya gaban tukunyar nan yana share ido, yana cewa irin ta gidansu ce sak.

Shugabar gidan ta zo wurin Gwani, ta sa tabarau ta duba kujerun.

"Masha Allah. To wacce ce ta mahaifin naka?"

Ya nuna mata. Ta dube ta, ta dube shi, ta ce, "Au."

Ana cikin haka sai ga Yaya ta shigo riƙe da hannun Inna. Tsohuwar ta sa kayanta na fita da suka daɗe a akwati, har ana jin ƙamshin ajiya. Ita ce ta matsa sai an kawo ta, wai tun da aka ɗauke kujerar ɗakin ya yi mata faɗi.

Yaya na hango kujerar ta tsaya cak. Ta juya ta kalli ƙanenta.

"Ina take?" in ji Inna. "Ku kai ni."

Shugabar gidan da kanta ta cire igiyar. "Bismillah, Mama. Dokar nan ba ta hau kanki ba."

Inna ta miƙa hannu ta laluba. Ta sami hannun dama, yatsanta ya tafi kai tsaye inda ya saba. Ya zame. Ta dawo da shi ta sake nema a hankali, gaba da baya. Ta zagaya hannun hagu, ta shafa. Ta sunkuya ta laluba bayan kujerar, inda motar take.

Ta ɗago ta yi 'yar dariya. "Kun kawo ni wurin ta wani. Auta, kai ni wurin ta babanku."

Gwani ya sunkuyar da kai.

"Auta?"

"Ita ce, Inna," ya ce. "Na ɗan... na gyara ta ne."

Inna ta janye hannunta daga kujerar, ta naɗe hannun a ƙirji. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi masa sauƙi.

"Nan wurin," ta ce a hankali, "lokacin da ka yi ciwon nan kana ƙarami, da muka fid da rai, a nan babanku ya zauna yana murzawa har ka tashi. Rabin ramin nan naka ne." Ta juya wajen Yaya. "Mu tafi gida, na gaji."

Jama'a, na ga mutum ya ji kunya a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin ta ranar nan ba. Garin neman gira an rasa ido. Babu gam, babu inji, babu gwanintar da za ta mayar da abin da ya riga ya zama gari aka share aka zubar. Gwani bai san ma abin da yake yi ba, ya ja baya ya zube a kan kujerar, a gaban shugabar gidan da allon dokarta.

Ƙiiiƙ.

Inna, da ta riga ta juya baya, ta tsaya. Tun ranar da aka fita da mijinta ba ta sake jin wannan ƙarar ba, don ba wanda ya sake zama.

"Malam?" ta ce. Haka take kiran mijinta.

Sai kuma ta tuna inda take. Ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta, hawaye na zuba. Ta saki hannun Yaya ta lalubo hanya da kanta, har hannunta ya sauka a kan kan ɗanta.

"Motsa," ta ce.

Ya motsa. Ƙiiiƙ.

Ta yi dariya cikin kuka. "Ja'iri. Ka aske wa Malam gemu, ka sa masa sabuwar riga, amma ka kasa rufe masa baki. Haka yake, ko ni ban taɓa iya sa shi ya yi shiru ba."

Gwani ya kama hannunta ya kifa fuskarsa a kai, ƙaton mutum yana kuka kamar yaro. "Ki yafe min, Inna. Na ɓata miki ita."

"Ka ɓata," ta ce, ba ta ɓoye masa ba. "Amma ashe nauyinku ɗaya da shi. Ban sani ba, don ka daɗe ba ka zauna a ɗakina ba."

A ranar ya roƙi shugabar gidan ta ba shi kujerar, ta ce ya ɗauka, dama can ba a nan ya kamata ta kwana ba. Shi da kansa ya ɗauko ta a ka ya shigar da ita ɗakin Inna, ya ajiye ta a kan sawun ƙafafunta da ke ƙasa.

Tun daga lokacin, in la'asar ta yi, Gwani kan rufe shago ko da aiki ya kai wuya. Ya zo ya zauna a kujerar, Yaya ta kawo masa shayi tana harararsa, ya ajiye kofin a hannun hagu ba tare da faranti ba. Su kunna rediyo, Inna na kan tabarmarta tana ba shi labarin rumfa da mutanen da suka shuɗe, shi kuma babban yatsansa na murza hannun dama.

Da na je gaishe ta kwanan baya, na ga wurin ya fara yin duhu kaɗan. Da Gwani ya miƙe zai tafi, Inna ta sa yatsa ta shafa, ta girgiza kai.

"Da saura," ta ce. "Gobe ma ka zo."

Darasi: Ba kowane tabo ne aibi ba, wani sawun ƙauna ne da shekaru suka bari. Kafin ka gyara abin da iyayenka suka riƙe, tambaye su me suke gani a jikinsa wanda kai ba ka gani, kuma kada ka ji kunyar hannun da ya koya maka. In naka suna raye, je ka zauna kusa da su yau, saƙo ba ya maye gurbin zama. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai riƙe da samfefa a hannu yanzu haka.