Ragowar Bokitin Baban Ƙwai

Akwai wani mai gonar kaji da ake kira Baban Ƙwai. Ƙwazo kam ba a ƙwace masa ba, sai dai hannunsa kamar an ɗaure da waya. Gidan gadonsa ya sayar ya gina rumfunan kajin nan, don haka in kaza ɗaya ta yi tari, ranar shi ma ba ya cin abinci.

A bayan katangar gonar akwai wasu baƙi da yaƙi ya koro daga ƙasarsu. Sun kafa bukkoki da buhu da tsohon kwano a jikin katangar, kowane gida da 'yan kajinsa masu tone-tone a bola. Baban Ƙwai ya tsane su. Kullum cewa yake kajinsu ne za su jawo masa cuta, har ya ƙara wa katangar tsawo ya daddasa fasassun kwalabe a kai.

Shi kuwa rigakafin kaji yana da wani hali. Da zarar an fasa kwalbar maganin an dama a ruwa, ba ya ajiyuwa. Ko a shayar nan take, ko a zubar. Kuma kowane zagaye sai kusan rabin bokiti ya rage.

Ƙanwarsa Auta, wadda ke taya shi aiki tun rasuwar mijinta, ta roƙe shi a miƙa wa baƙin ragowar.

"Ni na kawo su?" in ji shi. "Ki juye a kwata."

"To, Yaya," ta ce.

Ta ɗauki bokitin ta fita ta ƙofar baya. Shi dai bokiti yake gani ya dawo wayam, bai taɓa tambayar wace kwata ce take cin wannan lokaci haka ba.

Ana nan sai annoba ta shigo gari. Kaji su yi ta gyangyaɗi, wuya ya murɗe, da safe a kwashe su a baro. Manyan gonaki ma ba su tsira ba, don ko an yi rigakafi, in cuta ta yi sansani a maƙwabta, ɓera da tsuntsu da takalmin mutum sun isa su shigo da ita kan 'yan tsakin da ba su yi ƙwari ba. Ga Baban Ƙwai da rumfa guda cike da sababbin tsaki. Tsoro ya kama shi sosai, har ya rame.

Waɗanda suka yi asara suka fara neman wanda za su ɗora wa laifi, kuma ba su wahala ba. Aka ce baƙin nan ne suka kawo cutar. Wata rana da hantsi suka taru da sanduna da jarkar fetur, za a ƙone kajin baƙi da bukkokinsu. Baban Ƙwai ya ɗauki gorarsa ya shige gaba.

Da suka zagayo bayan katangar, sai ya ja ya tsaya. Kajin baƙin na ta kiwo garau, wani zakara ma har da hawa kan tulu yana cara. Ko gawar kaza ɗaya babu.

Wata tsohuwa ta fito daga bukka, ta wuce sandunan nan ta kama hannunsa. Ta ce duk zagaye ƙanwarsa tana kawo musu ruwan magani gida-gida, tana cewa yayanta ne ya aiko.

"Ɗana, Allah Ya saka maka," ta ce. "Ƙwan kajin nan ne abincin jikokina."

Kunya ta rufe shi. Shi mai kiwo ne, ba sai an yi masa bayani ba: kajin da yake zagi su ne suka tare masa cutar, ba kwalaben katanga ba. Ya dubi jarkar fetur, ya dubi rufin rumfarsa da ke leƙowa daf da bukkokin. Ashana ɗaya, da shi da su duk toka.

Ya juya ya fuskanci taron, gora a hannu. Ya ce su duba da idonsu, a duk garin nan babu kaji masu lafiyar waɗannan, kuma duk mai son kunna wuta sai ya fara ta kansa. Aka yi ta gunaguni, aka watse ɗaya bayan ɗaya.

Tsakinsa suka rayu. Da zagaye na gaba ya zo, ya sayo ƙarin kwalbar rigakafi, yana ta mitar tsada kamar yadda ya saba. Auta ta miƙa hannu za ta ɗauki bokitin, ya riga ta.

"Bari," ya ce. "Yau ni zan kai kwatar."

Darasi: Cuta da yunwa ba su san katanga ba, ba su san iyakar ƙasa ba. Abin da ka taimaki maƙwabcinka da shi, mutum ne ko ƙasa, shi ne ke gadin ƙofarka, kuma zaman lafiyarka yana ɗaure da nasa. Ku tura wa 'yan uwa su karanta, musamman masu juye ragowarsu a kwata.