Karan Awon Sarki da Ƙwaryar Goggo Pendo

An ce wani sarki aka yi, ban san garinsa ba, ko na sani ma ba zan faɗa ba. Yana da shanun tatsa sun fi ɗari uku, amma kullum gabansa faɗuwa yake kada a cuce shi. Sai ya samo kara ya yi masa tsaga. Kowace safiya da kansa yake zama, matan da ke tatsa su jero ƙoransu, ya tsoma karan nan ɗaya bayan ɗaya. Wadda nonon da ta tatso bai kai tsagar ba, a kore ta.

Ana nan rani ya yi tsanani, rijiyar garke ta fara ja baya. Ardo Manu, shugaban makiyayan, ya zo ya tsugunna a zaure. So yake sarki ya rubuta wa sarkin ƙetaren kogi takarda, a bar shanun su sauka fadamarsa kafin ruwa ya ƙare. Sarki ya ce ya dawo gobe, yau yana awo. Gobe ma haka. Kwana goma sha tara Ardo yana zuwa yana komawa.

Sai maruƙa suka fara mutuwa. Yau ɗaya, jibi biyu. Sarki ya kasa cin abinci, ya ce lallai guba ake ba su. Ya tuna da wata tsohuwa, Goggo Pendo, wadda kullum ƙwaryarta take gaza tsagar da yatsa uku, tsufanta kawai ya hana a kore ta. Ya sa aka kawo ta, mutane suna ta raɗa cewa yau ta ƙare mata.

Ya tambaye ta wa ke shanye yatsa ukun nan. Ta ce, "Ya sarki, masu shan suna nan ɗaure, zo ka gan su."

Ta kai shi dangwali, igiyar da ake jera maruƙa a ɗaure su. Duk haƙarƙarinsu a waje, idonsu ya faɗa, sai guda shida a ƙarshen igiya, sumul, suna tsalle. Ta ce waɗannan 'ya'yan shanun da take tatsa ne. Sauran matan tsoron karansa ya sa suke tatse uwa ƙarƙaf don ƙwarya ta cika, ga ciyawa ta ƙare, to maraƙi ya sha me?

Sarki ya dubi karan da ke hannunsa. Ya ce to in bai auna ba, wa zai auna?

Ta ce, "Ya sarki, ni da idona ɗaya ya mutu, da na taɓa hantsar saniya na san abin da za a ɗiba da abin da za a bari. Mu talatin ne muka iya wannan. Takardar ƙetaren kogi fa, mutum nawa suka iya ta a ƙasar nan?"

Ya ce, "Ni kaɗai."

Ta ce, "To ga Ardo can a zaure, rijiya saura kwana huɗu."

Nan take sarki ya karya karan, ya jefar. Ya ce daga yau tatsa tana hannun Goggo Pendo, kiwo yana hannun Ardo, kada a sake kawo masa ƙwarya sai in sha zai yi. Kafin azahar ya rubuta takardar, manzo ya hau doki da ita. Rana ta uku amsa ta dawo, aka kora shanu fadama, ranar ma guga laka yake ɗebowa.

Garke ya tsira. Amma maruƙa goma sha ɗaya sun riga sun tafi, kuma an ce sarki bai taɓa wuce dangwalin nan ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Da aka tambaye shi mene ne adalci, cewa ya yi: sarki ya yi aikin da in bai yi ba babu mai yi, sauran ya bar wa masu shi.