Kwancin Ƙwan Zabuwa

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso mu sha labari.

Zabuwa dai kun san ta da gajen haƙuri, ba ta iya kwanci. Sai suka ƙulla yarjejeniya da Kaza a gaban shaidu: Kaza za ta kwanta mata a kan ƙwai har su ƙyanƙyashe, ita kuma kullum ta kai mata gara.

Ana nan, Kaza ta ji ana sussuka a maƙwabta, ta tafi tsince-tsince. Kafin ta dawo ƙwai sun zama baragurbi.

Zabuwa ta kai ƙara gaban alƙali Kunkuru.

"Allah gafarta Malam, ta kashe mini 'ya'ya. A bi mini haƙƙina."

Kunkuru ya ce, "Wanda ya karya alkawari, cikawa ake sa shi. Kaza, koma ki kwanta."

Zabuwa ta ce, "A kan baragurbin, Malam?"

"Har su ƙyanƙyashe kuka ce. Ke ma kada gara ta yanke."

Kaza ta yi ta ƙiba a kwance, Zabuwa kuwa dakon gara ya cinye mata gashin kai. Sanƙon nan da kuke gani, na wadda ta ci shari'a ne.

Ƙurunƙus, na dire muku kan ɓera.