Ganyen da Ladingo Ta Ɓoye a Baƙin Akushi

Abin ya fara ne ranar Talata, sha ɗaya ga watan Safar, da hantsi, daidai lokacin da inuwar katangar fada ta janye daga bakin rijiya. A zamanin da ne, a wata ƙasa wadda sunanta ya ɓace, amma ranar ba ta ɓace ba, domin a wannan sa'a aka fito da gawar Sambo, ɗan Sarki Tanimu, yaro mai shekara tara. Ba zazzaɓi ne ya kashe shi ba. Dasashinsa ne ya kumbura yana zubar da jini, haƙoransa suka yi ta girgiɗi, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, har ya kwanta bai tashi ba.

Ya rage wa Sarki 'ya ɗaya mai shekara bakwai, wadda uwarta ta rasu tun tana goye. Sunan mahaifiyar Sarki aka sa mata, saboda haka ba mai kiran sunan, sai dai a ce Uwani.

To, a fadar nan akwai wata doka. Ranar da aka naɗa Tanimu, ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a ya rantse cewa ganye ba zai shiga tukunyar gidansa ba. Ba zogale, ba rama, ba kuka, ba kabewa, ba wani abin da ake tsinkowa a lambu. Wanda ya saka, hannun da ya juya miyar za a yanke. Dalilinsa kuwa shi ne, yana ɗan shekara biyar aka yi yunwa, wata shida shi da mahaifiyarsa ba su da abinci sai ganyen tafasa. Wata safiya ya farka ya same ta ta cika, bakinta kore shar. Ya girma yana cewa ganye ne ya kashe ta, kuma ya hana a ambaci mutuwarta a gabansa.

Ya naɗa wani mutum mai suna Barau, ya ba shi sarautar Sarkin Rariya. Aikinsa ya tsaya a ƙofar madafi, kowace miya a zuba ta a rariya a gabansa. 'Ya'yan Sarki suka tashi da shinkafa da nama da zuma, suna kiran ganye abincin awaki.

Kwana uku bayan rasuwar Sambo, tsohuwar da ke shugabantar madafi, Ladingo, ta sami Waziri Cindo a zaurensa. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, jiya na ba Uwani ƙashi ta gwaguya, da ta ajiye na ga jini a jikinsa. Da magariba kuma ta yi karo da turmin da yake wurin tun kafin a haife ta. Haka yayanta ya fara."

Waziri ya ce, "An yi rubutu, an yi turare, an yi sadaka da sa biyu. Me ya rage, Iya?"

Ta ce, "'Ya'yan masu daka su talatin ne a bayan gida, suna cin rama kamar fara. Ko ɗaya bai zubar da haƙori ba sai na yarinta. Ka san abin da ya rage."

Waziri ya murza gemunsa, sannan ya ce, "Sau biyu na faɗa wa Sarki. Na farko ya tashi ya bar ni zaune. Na biyu ya hana ni fada wata guda. Ban ji abin da kika ce ba, Iya. Amma akwai kabewa a gonata, kuma ranar kasuwa mai gadin ƙofar baya yakan tafi cefane."

Da kabewa ta fara. Ta dafa ta har ta narke, ta murje ta da bayan ludayi, ta dama ta cikin romo. Da aka zuba a rariya, ta wuce ba ta bar komai ba. Barau ya leƙa ya ce, "Tsohuwa, romon nan ya yi ja da yawa."

Ta ce, "Man shanun damina ne. Kai da ka saba da tsamin fura, ina za ka sani?"

Uwani ta sha, ta ce a ƙara. Bayan kwana goma sha biyu ta daina karo da turmi, amma jinin dasashi bai tsaya ba, kabewar kuma ta ƙare. Saura zogale, wanda Waziri yake aikowa a ƙasan kwandon gawayi.

Kowace mai girki ta san zogale iri biyu ake busar da shi. Wanda aka shanya a rana yakan koma ruwan ƙasa, ya saje da daddawa, amma ƙarfinsa ya tafi. Wanda aka shanya a inuwa yakan riƙe ƙarfinsa, ya kuma riƙe korensa. Ladingo ta ji tsoro, ta shanya a rana. Kwana tara tana ba yarinyar, a rana ta goma Uwani ta buɗe tafin hannunta ta nuna mata haƙori, ta ce, "Iya, ga wani ya fita, kuma ba wanda yake tahowa a ƙasansa."

Tsohuwar ta karɓi haƙorin ta ƙulle shi a haɓar zaninta. Ran nan ta shimfiɗa ganye a ƙarƙashin gadonta.

Da ya bushe ta daka shi, ta tankaɗe sau uku har ya zama kamar kwalli, yadda rariya ba za ta kama shi ba. Saura launi. Sai ta ɗauko wani tsohon akushi baƙi wuluk, ta ce wa Barau daga yau a cikinsa za a tace wa Uwani, domin itace ya fi riƙe zafi. Madafin duhu ne da hayaƙi, kuma a cikin baƙin akushi kowace miya baƙa ce.

Uwani ta ɗanɗana ta yamutsa fuska. Ta ce, "Iya, miyarki yau tana warin akuya."

Ladingo ta ce, "Daddawar ce ta tsufa kamar ni, uwar ɗakina. Yi loma uku, in ba ki nakiya."

"Biyu."

"Uku, kuma ta ukun babba."

Haka suka yi ta ciniki kwana arba'in. Jinin ya tsaya. Yarinyar ta fara gudu a tsakar gida, har aka ji dariyarta daga zauren fada.

Murnar Sarki ce ta kawo masifa. Wasu fatake suka kawo masa tangaran fari fat daga arewa. Ya ce ba wanda ya cancanci ci a cikinsa sai 'yarsa da Allah ya tashe ta. Ranar Juma'a da azahar, miya tana cikin akushi, Uwani ta wanke hannu, sai ga Barau da kyautar Sarki. Ya ce, "Kau da wannan gungumen." Ya juye miyar cikin tangaran ɗin da kansa a tsakar gida, cikin hasken rana. Ta kwanta a farin tangaran kore shar, kamar kududdufin damina.

Uwani ta ɗago kai. Ta dubi tsohuwar ta ce, "Iya, akuya kika mai da ni?" Ta ture tangaran ɗin, ta shige ɗaki.

Da Barau ya kai labari, Sarki ya sa ranar Litinin don yanke hannun Ladingo. Uwani kuwa ta rufe bakinta. Ko zuma aka kawo sai ta ce an ɓoye wani abu a ciki. Juma'a, Asabar, Lahadi, ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa. Ranar Lahadi da la'asar aka ga ta kwanta yadda Sambo ya kwanta, fuska ga bango.

Da fada ta cika ranar Litinin, aka shigo da Ladingo a ɗaure. Waziri Cindo ya matso, ya warware rawaninsa ya ajiye a gaban Sarki. Fadawa suka sunkuyar da kai, don ba a taɓa ganin haka ba.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na ajiye sarauta don in yi tambaya ɗaya wadda Waziri ba ya da ikon yi. Mutum biyu suna ɗaki ɗaya lokacin yunwa, babba da yaro, abincinsu iri ɗaya. Babban ya mutu, yaron ya rayu. In abincin guba ne, yaya aka yi ya bar ƙarami?"

Idanun Sarki suka kaɗa. Ya ce, "Cindo, ka san ƙofar da kake taɓawa."

"Na sani, Zaki. Ni na aiko da ganyen, ga nawa hannun. Amma mutum ɗaya ya rage a duniya wanda yake cikin ɗakin nan tare da ku, ga ta nan a durƙushe."

Ladingo ba ta jira izini ba. Ta ce, "Ni nake tsinko tafasar, ranka ya daɗe, ina budurwa a hannun mahaifiyarka. Ka ƙi ci. In ka ga kore sai ka rufe baki, yadda 'yarka take yi. Dusa ta rage mana ƙoƙo ɗaya. Sai mahaifiyarka ta riƙa tauna ganyen har ya yi laushi, ta naɗe shi a cikin dusa, ta ce maka dawo ne. Da ganyen ya yi wuyar samu, nata rabon ma kai take ba. Kwana takwas ba ta haɗiye komai ba. Koren da ka gani a bakinta, naka take taunawa."

Sarki ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Shekara arba'in kina gidana."

Ladingo ta ce, "Mahaifiyarka ta sa na yi alkawari kada ka sani, don kada ka ce kai ka cinye ranta. Na riƙe alkawarin har ya ci Sambo. Wannan laifin nawa ne, shi ya kamata a yanke mini hannu a kansa, ba na miya ba."

Daga baya Sarki ya juya ga Alƙali ya tambayi hukuncin rantsuwar da aka ga alheri a karya ta. Alƙali ya ce a karya ta, a ciyar da miskinai goma. Sarki ya ce a ciyar, a mayar wa Waziri rawaninsa, a kwance tsohuwa. Sannan ya ce, "Wannan duk mai sauƙi ne. Yarinyar fa?"

Ladingo ta ce, "Ba za ta ƙara yarda da hannuna ba. Daga bakinka ta ji cewa abincin awaki ne."

A al'adar ƙasar, ba mahaluƙin da yake ganin Sarki yana cin abinci. Bayan labule yake ci, shi kaɗai. Ran nan da azahar ya shiga ɗakin 'yarsa, ya zauna a tabarma, ya sa aka kawo tuwo da miyar zogale a cikin farin tangaran, ba a ɓoye komai ba. Ya wanke hannu. Ya yanki loma, ya dangwala, ya kai baki. Ya daɗe kafin ya haɗiye.

Uwani ta juyo daga bango tana kallonsa. Ta ce, "Baba, ashe kana cin abinci?"

"Ina ci."

"Da ɗaci?"

"Da ɗaci."

"To me ya sa kake ci?"

Ya ce, "Mai sunanki ce ta fara ba ni. Na manta ne." Ya sake yankar loma, hawaye na bin gemunsa.

Ta dube shi har ya yi loma biyar. Sannan ta tashi zaune da ƙyar, ta ce, "Biyu zan yi."

Daga bakin ƙofa Ladingo ta ce, "Uku."

Ga waɗanda suka rage bayan haka. Uwani ta rayu shekara saba'in da ɗaya, da giɓi guda a gefen hagu wanda bai taɓa cikewa ba. Ladingo ta ƙara damina huɗu, da hannayenta biyu. Waziri Cindo ya mutu da rawaninsa. Barau ya zauna a fada ba aiki, rariyarsa ta koma wurin masu tankaɗe. Sarki Tanimu ya ƙara shekara goma sha biyu, bai taɓa jin daɗin miyar ba, kuma bai taɓa fashin cinta a gaban 'yarsa ba. 'Ya'yan masu daka su talatin, duk sun girma. Sambo ba ya cikin waɗanda suka rage.